KIRA GA MATASAN LIKITOCI: A TAFI NESA A KOYO, A DAWO WA LEBURORIN SHARAƊA, CHALLAWA DA BOMPAI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (T), wanda Ya halicci cuta Ya kuma halicci maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S), da iyalan gidansa tsarkaka, da sahabbansa zaɓaɓɓu, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Sharaɗa, ko hanyar Fanshekara da ta nufi Challawa, ko cikin Bompai da sassafe, lokacin da masu aikin dare ke fitowa masu aikin safe na shiga, zai ga bayin Allah tururu, wasu a ƙasa, wasu a kan keke, wasu cunkushe cikin motar kamfani. Idan ya lura da kyau zai ga wannan yana tari, wancan hannunsa duk ya tsattsage saboda ruwan jima, wani kuma sai an ɗaga masa murya kafin ya amsa sallama, domin ƙarar inji ta cinye masa kunne. Waɗannan su ne ke jeme fatar da ake fitarwa zuwa Italiya da Sifen a samo kuɗin waje, su ne ke narka roba, su saƙa buhu da tabarma, su tace man girki. Amma a tambayi ɗaya daga cikinsu sunan likitansa. Dariya kawai zai yi, ya nuna shagon kyamis na bakin layinsu.

A ɗaya ɓangaren kuma, kowace shekara Jami'ar Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, suna yaye 'ya'yan Musulmi da suka karanta likitanci. Yaro ya shafe shekara shida a makaranta, in yajin aikin malamai bai ƙara masa ba, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya ƙara da shekarar nan da suke kira wai "bautar ƙasa," alhali Allah kaɗai ake bauta wa. Daga nan sai ya tsaya a mararraba da tambayoyi biyu a gabansa: wane fanni zai ƙware a kai, kuma a wane asibiti? Abin takaici, amsar da aka fi ji ita ce, fannin da ya fi suna da kuɗi, a asibitin da aka yi karatu. In hakan bai samu ba a yi jira, in jira ya yi tsawo a nemi biza.

Wannan amsa ba shi kaɗai ta shafa ba, ta shafi wancan leburan mai tari. Don haka kiran da ake yi a nan shi ne, matashin likita Musulmi ya ɗauki likitancin iyali da muhimmanci, ya nemi gurbin horo a duk inda aka buɗe ƙofa, ko da garin ya yi nisa da makarantarsa da gidan ubansa, sannan ya ɗaura niyya tun kafin ya sa ƙafa a mota cewa zai dawo da abin da ya koyo ga raunana.

WANE NE LIKITAN IYALI?

Da yawa sun ɗauka likitan da ake fara gani bayan an yanki kati shi ne wanda ya kasa zama wani abu. Wannan kuskure ne babba. Likitancin iyali fanni ne na ƙwarewa mai zaman kansa, kamar tiyata ko fannin yara. Ana shigarsa ta hanyar cin jarrabawar share fage ta ɗaya daga kwalejoji biyu, wato Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976. Sannan sai wani asibiti da kwalejin ta amince da shi ya ɗauki mutum. A ƙaramin mataki zai riƙa zagaya sassa: na yara, na mata masu ciki da haihuwa, na tiyata, na cututtukan manya, na taɓin hankali, na ido da kunne. Ya rubuta jarrabawar kashi na ɗaya, ya hau babban mataki, ya yi bincike ya rubuta kundi, ya zauna kashi na biyu. Aikin shekara huɗu ne zuwa shida, ba dare ba rana.

Sauran ƙwararru sun raba jikin ɗan Adam a tsakaninsu, wannan ya ɗauki zuciya, wancan ya ɗauki ƙoda, wani ya ɗauki ƙashi, kuma kowannensu ana buƙatarsa. Shi kuwa likitan iyali mutumin yake dubawa gaba ɗayansa, tare da gidansa. Jika da kaka duk nasa ne. Ya san mai gidan yana da hawan jini, ya san uwargida na da ciki wata bakwai, ya san ƙaramin yaron nan mai sikila ne. In abu ya fi ƙarfinsa ya san wurin wanda zai tura, in aka sallamo mara lafiya kuma wurinsa zai dawo. A kan irin wannan likita Ingila ta ɗora tsarin kiwon lafiyarta tun 1948. Ƙasar Kyuba, duk da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata, ta fara a 1984 tsarin ajiye likita da nas a cikin unguwa, su kula da gidaje kimanin 120. Iran ma ta shigo da likitan iyali cikin ƙauyukanta a 2005. Duk sun gane cewa yawancin abin da ke kai talaka kabari da wuri ana iya tare shi tun yana ƙarami, in akwai wanda ya san shi.

A Nijeriya kuwa, akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. Lokacin da aka fara wannan horo a farkon shekarun 1980, asibitocin mishan ne suka ɗauki nauyinsa, irin su asibitin Baftis na Ogbomoso, wanda ya samo asali tun 1907, da asibitin Evangel na Jos, wanda Hausawa ke kira Jankwano. Me ya sa? Saboda likitocinsu sun saba zama inda likita ɗaya ne zai karɓi haihuwa da asuba, ya yi aikin gwaiwa da hantsi, ya duba yara da azahar. Mutanen nan sun baro Amurka da Kanada da Ingila, sun zauna a Garkiɗa, sun zauna a Galmi ta ƙasar Nijar, sun koyi Hausa, wasunsu a nan aka binne su. A kan aƙidarsu suka yi haka. To shin mai aƙidar tauhidi shi ne zai ce Jos ta yi masa nisa daga Kano?

JOS TA YI NISA, AMMA JIDDA BA TA YI BA?

Ba a musun cewa zama a asibitin da mutum ya yi karatu yana da daɗi. Malamai sun san shi, ya san kowane lungu, mahaifiya na nan kusa, ga abincin gida. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen likitancin iyali yana kuma ba da horo, haka ma na Shika a Zariya. Wanda ya samu gurbi a nan ya gode wa Allah. Amma guraben ƙididdigaggu ne, masu nema kuwa sun ninka su, ba kuma kowace shekara ake ɗauka ba. Sai ka ga likita ya ci jarrabawar share fage, ya zauna shekara biyu ko uku yana jiran asibiti guda ya yi talla, yana 'yan kwane-kwane a ƙananan asibitocin kuɗi, alhali a Jos, ko Ilori, ko Ibadan, ko Abuja an yi tallar ɗaukar likitoci bai ko aika takarda ba. In an tambaye shi ya ce wai nisa. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.

Abin mamaki, wannan da ya ce Jos ta yi nisa, shi ne za a ji bayan shekara biyu yana Jidda ko Riyad ko Manchesta. Ashe dama ba nisa ne ya hana shi ba. Ba yau aka fara wannan gudu ba. Tun bayan da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 Naira ta karye, manyan likitoci suka yi ta kwarara zuwa Saudiyya, kuma wannan tsari yana cikin abin da ya kassara masana'antun Kano har masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ba likitocin kaɗai ke da laifi ba. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. A 2019 ma Ministan Ƙwadago na lokacin, Dakta Chris Ngige, fitowa ya yi a talabijin ya ce wai ƙasar na da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Su masu mulki in kansu ya sara Landan suke nufa, don haka ba abin da ya dame su. Amma zaluncin mai mulki ba ya ɗauke wa mumini nauyin da Allah Ya ɗora masa.

Wannan nauyi kuwa malamai sun bayyana shi tuntuni. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, wato abin da in babu wanda ya tsaya da shi a gari to kowa ya yi laifi, har ya koka da cewa a zamaninsa akwai garuruwan Musulmi da ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulki da yaƙi a kansa, sai da ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Farillar kifaya kuwa ba ta faɗuwa don kawai an yaye likitoci. Tana faɗuwa ne ranar da mai buƙata ya samu mai duba shi.

Tafiya don neman ilmi ma gadon Musulmi ce. Annabi Musa (AS) ya yi doguwar tafiya har ya gaji don ya koya daga bawan Allah Halliru, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar gida ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da ya yi zamansa a Degel yana cewa nisa, da tarihin ƙasar Hausa ba haka ya kasance ba. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa. Likitan da ya fita zai ga cututtukan da bai saba gani ba, ya koyi yadda wasu ke tafiyar da asibiti da ƙaramin kuɗi, ya kuma fita daga inuwar malaman da har abada kallon ɗalibi za su yi masa.

ABIN DA KE JIRA A UNGUWANNIN MA'AIKATA

Mai karatu ya ɗauki misalin magidanci guda da ke zaune a Ja'en ko Sabuwar Gandu, yana aiki a masana'antar jima. Yana tsoma hannu da ƙafa cikin ruwan da aka haɗa da toka mai ƙuna da sinadarin kuromiyam, wanda masana suka tabbatar yana cin fata ya bar gyambo mai wuyar warkewa, yana kuma iya taɓa hanci da huhu. Ya je kyamis aka ba shi man shafawa. Ya lafa, ya koma aiki, ya dawo. Ya je asibitin Murtala, ya bi layi tun asuba, ya rasa kuɗin yinin ranar domin shi ma'aikacin wucin gadi ne, likitan da ke da mutum ɗari a bayansa ya dube shi na minti uku ya rubuta magani. Wata mai zuwa wani likitan daban zai tarar. Babu wanda ya samu sukunin tambayarsa wane aiki yake yi, alhali maganin ciwon nasa yana cikin amsar wannan tambaya: safar hannu, takalmin roba, wanka bayan aiki, ko sauya masa sashe. Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya mai suna Ramazzini ya yi wasiyya ga likitoci da su riƙa tambayar mara lafiya sana'arsa. Fiye da shekara ɗari uku ke nan, har yanzu leburan Kano bai samu mai yi masa ita ba.

Haka abin yake ga tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke Dakata da Gama da Tudun Wada. Masaƙar ta rufe tuntuni, amma ƙurar audugar da suka shaƙa tana nan a ƙirjinsu, ana ta ba su maganin tari. Haka ga mai narka roba da ke shaƙar hayaƙi, da wanda inji ya datse wa yatsu, da mai aikin dare da hawan jini ke ci a ɓoye har ranar da zai yanke jiki ya faɗi, a ce wai iska ce ta buge shi.

Ciwon kuma bai tsaya a ƙofar kamfani ba. Ruwan dattin masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, kuma a bakin waɗannan rafuka ake noman latas da kabeji da alayyaho da ake kaiwa kasuwa. Yaran unguwa a nan suke wasa. Matar leburan ita ke wanke kayan aikinsa da hannunta. Likitan da ya san gidan, ya ga uba da gyambo, uwa da ƙaiƙayi, yaro da gudawa mai maimaituwa, shi ne zai iya haɗa bakin zaren. Likitan gaɓa ɗaya, komai ƙwarewarsa, mutum guda ne zai zo gabansa, shi ma sai abu ya lalace.

Akwai kuma batun haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu kamfani su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta mai da inshora tilas. Amma da wace hujja lebura zai nemi diyya in babu likitan da ya rubuta, da kwanan wata, cewa wannan ciwo daga aiki ya samo asali? Fayil ɗin da likita mai tsoron Allah ya cika da gaskiya makami ne a hannun wanda aka zalunta.

Sai batun amana. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin Zana, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan Dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba a dawo da shi ba sai 2004, yara suka shanye a tsakani. Talaka ba ya karanta rahoton bincike. Mutum yake yarda da shi, mutumin da ya karɓi haihuwar 'yarsa, ya zo masa gaisuwar rasuwar mahaifiyarsa, suke haɗa sahu a masallaci. Ba a sayen irin wannan yarda da talla a rediyo.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na farko, iyaye. Wannan uzuri ne mai nauyi, ba a wasa da shi. Shi kansa Shehu, da suka isa Agadas Malam Jibrilu zai wuce aikin hajji, komo da shi gida ya yi saboda bai nemi izinin mahaifinsa a kan wannan tafiyar ba. Don haka wanda iyayensa suka tsufa kuma babu mai kula da su sai shi, ya zauna, ladansa na nan. Amma sau da yawa ba rashin mai kula ba ne, so ne kawai na a riƙa ganin "Dakta" a gida, dangi na zuwa ana duba su kyauta. Ya ku iyaye, ku tuna cewa da dukiyar al'umma aka gina makarantar da ɗanku ya yi karatu, a jikin talakawa kuma ya koyi aiki. Ku sa masa albarka ya tafi, shekara biyar kamar gobe ce.

Na biyu, tsaro. Gaskiya ne an zubar da jini a Jos a 2001 da 2008 da 2010, kuma masu satar mutane sun addabi manyan hanyoyin Arewa. Babu mai cewa a jefa kai ga halaka. A yi bincike, a tambayi waɗanda suka riga zuwa, a nemi masauki a cikin asibiti ko kusa da jama'ar Musulmi, a yi istihara. Amma 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau kullum suna kan hanyar Legas da Onica saboda riba, akwai kuma Hausawa a Sabo ta Ibadan fiye da shekara ɗari. In neman abinci ya kai mutum can, neman ilmin ceton rai ya fi cancanta.

Na uku, 'yan uwa mata. A nan buƙata ta fi tsanani, domin mata da yawa sun gwammace su haƙura da ciwo da su buɗe sirrinsu ga namiji, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Rufaida Al'aslamiyya (RA) tana da tanti a masallacin Manzon Allah (S) inda take jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan yaƙin Handaƙ. Shari'a ta gindaya sharuɗɗa ga tafiyar mace, kuma cika sharuɗɗan aikin maza ne. Mijin da ya auri likita ya san amanar da ya ɗauka. In aikinsa zai iya bin ta ya bi ta, in ba haka ba a haɗa ta da muharrami ko wata dattijuwa daga dangi, a kama mata muhalli na mutunci. Kulle takardunta a akwati cin amanar matan Kumbotso da Zawaciki ne.

Na huɗu, wai fannin ba shi da daraja kuma ba kuɗi. Wanda ya kammala horon likitancin iyali babban likita ne daidai da takwaransa na kowane fanni. In kuwa ana maganar daraja a wurin Allah ne, to a auna da yawan rayukan da aka tare wa cuta kafin ta kwantar da su.

KANO MA TA BUƊE ƘOFA

Maganar tana da fuska biyu. Kamar yadda ake kiran ɗan Kano ya fita, haka ake kiran wanda ya yi karatu a Maiduguri ko Sakkwato ko Ilori ya nemi Kano, a kuma karɓe shi hannu bibbiyu. Ciwon "ɗan asalin jiha" da "wa ka sani" ya shiga asibitoci kamar yadda ya shiga ko'ina, har takardar ƙaramar hukuma ta kan fi takardar jarrabawa nauyi. Wannan ƙabilanci ne irin na jahiliyya. Kano da baƙi ta zama Kano. Wangarawa daga Mali suka zo da addini a zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili daga Tilimsan ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa. Su kansu leburorin Bompai da Sharaɗa daga ko'ina suke, akwai Bahaushe da Babarbare da Tibi da Igala da Bayarabe, kuma ciwo bai taɓa tambayar kowa takardar asali ba.

ABIN YI

Matashin da ya ƙudura niyya ya fara da cin jarrabawar share fage da wuri. Ya tabbatar asibitin da zai nema yana da amincewar kwaleji a wannan fanni kuma ba ta ƙare ba, don kada ya ɓata shekarunsa a banza. Ya watsa takardunsa wurare da yawa. Tun da a can babu wanda ya san shi, ya nemi shaidar malaman da suka ga aikinsa da idonsu, ya kuma je ya ga wurin da ƙafarsa kafin ranar intabiyu. In an tambaye shi me ya rabo shi da garinsu, ya faɗi gaskiya, ya ce ya zo koyo ne don akwai mutanen da ke jiransa. In lokacin zaɓen abin da zai yi bincike a kai ya zo, ya tuna da majema da masu narka roba.

Gwamnatin jiha da ke ɗaukar nauyin likitocinta zuwa horo ta ware wa wannan fanni kaso na musamman, ta biya su haƙƙinsu a kan kari, ta kuma ajiye waɗanda suka gama a asibitocin da ke kusa da unguwannin ma'aikata. Masu masana'antu su ji tsoron Allah, akwatin fanadol da bandeji a ofishin mai gadi ba asibiti ba ne. Kamfanoni goma a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su riƙe likita guda da zai duba ma'aikata da iyalansu, bisa sharaɗin ba za a tsoma masa baki a abin da zai rubuta ba. Attajiran da ke zuwa Umra sau biyu a shekara su sani cewa kuɗin tafiya guda zai riƙe ɗalibin likita a baƙon gari, kuma waƙafin ɗakin shan magani a Fanshekara ko Dakata sadaka ce mai gudana. 'Yan uwa kuma da ke garuruwan da waɗannan matasa za su sauka, su tarbe su, su nema musu masauki, su riƙa jan su zuwa wuraren karatu don kada baƙunta ta raba su da addini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, ya kai ɗan uwa likita, za a tambaye ka ranar gobe game da ilminka, me ka yi da shi. Ba za a tambaye ka nisan da ke tsakanin makarantarka da asibitin da ka yi horo ba. Gobe da sassafe, wancan bawan Allah mai tsattsagen hannu zai sake tsoma shi cikin ruwan jima, don 'ya'yansa su ci abinci. Ɗauki takardunka ka aika.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya azurta al'umma da likitoci masu tsoronSa, Ya kawo ƙarshen zalunci da azzalumai. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.